Ƙarin Zuƙowa ko Ƙarin Haske: Nazarin Shawarar Wani Mai Ɗaukar Hoton Tsuntsaye

Mutumin da wannan nazari ya shafa dattijo ne da ya ajiye aiki, ya mayar da kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu abin da yake cika safiyarsa da shi. Ba ya sayar da hoto, ba ya kuma shiga gasa. Iyakarsa ya adana abin da ya ɗauka a kwamfuta, ya tura wa abokan sha'awarsa, jefi-jefi kuma ya wanke ɗaya ko biyu a takarda. Kyamarar da ke hannunsa Nikon Coolpix P900 ce, wadda ta fito a shekarar 2015, kuma ta yi suna a lokacin saboda tana zuƙo abu ninki 83, daga milimita 24 zuwa 2000 bisa ma'aunin da masu hoto suka saba amfani da shi. Ta yi masa shekaru tana aiki, babu maɓallin da ya mutu, babu ƙurar da ta shige cikin gilashinta. Da kamfanin ya fitar da P1100 a farkon shekarar 2025, mai zuƙowa ninki 125 har zuwa milimita 3000, sai zuciyarsa ta fara raya masa cewa lokacin sauyi ya yi, ya kawo mini maganar domin mu duba ta tare.

Hujjarsa guda ɗaya ce, kuma a kunne tana da daɗin ji. Ya ce yawancin hotunan da suke ba shi takaici na tsuntsaye ne da suka fito dishi-dishi, gashin jikinsu ya narke ya zama kamar an shafa fenti, don haka a ganinsa kyamarar ce ba ta kai inda tsuntsun yake. Idan aka ƙara masa milimita 1000, in ji shi, matsalar ta ƙare.

Kafin a taɓa wannan hujja sai da muka tsaya a kan abin da lambobin nan suke nufi, domin a nan ne masu saye da yawa suke ruɗewa. Milimita 2000 da ake rubutawa a jikin kwali ba shi ne ainihin tsawon gilashin ba. Gilashin P900 yana tafiya ne daga milimita 4.3 zuwa 357, na P1100 kuma daga 4.3 zuwa 539. Abin da ya sa ake samun waɗancan manyan lambobi shi ne ƙanƙantar sensa, wato farantin da haske yake sauka a kansa a cikin kyamara. Sensar kyamarorin biyu girmanta ɗaya, kusan milimita 6.2 a faɗi da 4.6 a tsayi, abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma a kowace an cusa ɗigon hoto miliyan 16. Saboda farantin ƙarami ne, ɗan yanki kaɗan yake yankowa daga abin da gilashin ya hango, sai a ga kamar an zuƙo abin sosai. Wannan dabara ce ta sa mutum zai iya rataya milimita 2000 a wuyansa, kuma ita ce dai ta sa irin waɗannan kyamarori suke da yunwar haske. Shekara goma ke tsakanin tsohuwar da sabuwar, amma a wannan gaɓa, wadda ita ce ginshiƙin ingancin hoto, kusan ba abin da ya motsa.

Daga nan na nemi ya bar maganar kyamarar da bai saya ba tukuna, ya buɗe mana hotunan da ya ƙi. An yi sa'a ba mai saurin gogewa ba ne, yana da rumbu guda a kwamfutarsa inda yake zuba duk hoton da bai gamsar da shi ba. Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi: ƙarfe nawa, a wane tsawon zuƙowa, da wane saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamarar ta bar haske ya shiga, da kuma matakin ISO, wato yadda kyamarar ta ƙara wa sensa ƙarfin jin haske. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kowane hoto abin da ya kashe shi, kuma ba mu yi nisa ba ya fara lura da kansa cewa da wuya a sami wanda tsuntsun ya yi ƙanƙanta a cikinsa.

Kaso mafi girma hotunan sanyin safiya ne, kafin rana ta ɗaga, ko na tsuntsun da ya shige inuwar ganye. Akwai guda da muka daɗe a kansa: ɗan tsuntsu a kan reshe, ya cika kusan rabin hoton, reshen ya fito tsaf har ana ganin tsagar ɓawonsa, amma kan tsuntsun ya zama inuwa biyu a haɗe. Bayanin hoton ya nuna an ɗauke shi a ƙarshen zuƙowa, shata ta buɗe kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, ISO kuma ya haura 800. Fitowar reshen tsaf shaida ce cewa na'urar hana girgiza ta yi aikinta, hannun dattijon bai ci amanarsa ba. Sai dai wannan na'ura girgizar hannu kawai take gyarawa, ba ta da iko a kan tsuntsun da ya juya kansa a cikin wannan ɗan lokaci. Ƙaramin tsuntsu mai yawan motsi yakan buƙaci kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko fiye da haka kafin a daskarar da shi, kuma kyamarar ba ta iya ba da wannan sauri ba saboda hasken da ke shigowa bai isa ba. Idan aka tilasta mata ta ɗaga ISO zuwa 1600 domin a sami saurin, sai tsaki-tsaki ya cika hoton, manhajar cikinta ta bi ta shafe shi, ta haɗa da zanen gashin tsuntsun ta shafe. Wannan shi ne fentin da yake kuka da shi.

A nan ne lissafin sabuwar kyamarar ya juya masa baya. A ƙarshen zuƙowa, ƙofar hasken P900 tana tsayawa a f/6.5, ta P1100 kuwa a f/8, kuma a wannan ma'auni ƙaruwar lamba raguwar haske ce. Hasken da zai sauka a kan sensa a milimita 3000 kusan kashi biyu cikin uku ne na wanda yake samu yanzu a 2000. Da a ce da P1100 ya ɗauki wancan hoto na kan reshe, ya kuma zuƙo har ƙarshe kamar yadda ya saba, da shatar ta ƙara jinkiri, motsin kan tsuntsun kuma ya ƙara girma a idon mai kallo. Ƙarin zuƙowar zai ƙara wa cutar ƙarfi ne a daidai wurin da ta fi damunsa.

Akwai kuma wata iyaka da ba a cika faɗa wa mai saye ba, kuma ta cancanci a ɗan dakata a kanta. Yawan ƙananan siffofin da gilashi zai iya rarrabewa daga nesa ya dogara ne da ainihin faɗin ƙofar da haske yake bi, domin haske yana ɗan bazuwa duk lokacin da ya ratsa ƙofa, kuma ƙanƙantar ƙofar tana ƙara bazuwar. Ana samun wannan faɗi ta hanyar raba tsawon gilashi da lambar ƙofa. Idan aka raba 357 da 6.5 za a sami kusan milimita 55. Idan aka raba 539 da 8 za a sami kusan 67. Ma'ana, ko da iska ta kwanta, haske ya wadata, kyamarar tana kafe a kan mariƙi, abin da sabuwar za ta ƙara na ainihin siffa bai wuce kusan kashi 22 cikin ɗari ba, alhali girman tsuntsun a hoto ya ƙaru da kashi 50. Ragowar girma ne kawai ba tare da sabon bayani ba. Ba na raina kashi 22, domin ga mai ɗaukar hoton farin wata ko mai son karanta zoben da ke ƙafar tsuntsu daga nesa abu ne mai amfani, amma ba shi ne abin da lamba 125 take sa mutum ya yi tsammani ba.

Kaso na biyu hotunan tsakar rana ne na tsuntsayen bakin ruwa, zalɓe da makamantansa, da ya hango daga ɗaya gaɓar. Haske ya wadata, shata tana da sauri, amma duk layin da ya kamata ya miƙe ya lanƙwashe, ƙafar tsuntsun ta yi kamar igiyar da ake kaɗawa. Wannan aikin kawalwalniya ne: iskar da ƙasa ta ɗumama tana tashi tana cuɗanya da mai sanyi, haske yana karkacewa a hanya kafin ya iso gilashi. Babu kyamarar da ke da maganin wannan, kuma gwargwadon zuƙowa gwargwadon yadda lahanin yake fitowa fili. Haka hazo da tururin ruwa suke yi, suna cinye bambancin launi a tsakanin mai ɗauka da abin ɗauka.

Kaso na uku tsuntsaye ne a sararin sama, kuma a nan laifin na kyamarar ne da gaske. P900 tana neman saiti, wato daidaita gilashi domin abin ɗauka ya fito tsaf, ta hanyar gwada kaifin hoto, ta matsa gilashi gaba, ta dawo da shi baya, har ta dace da inda ya fi fitowa. Hanya ce mai kyau ga abin da ke zaune, amma shaho mai shawagi ba ya jira. Ga kuma harbin jere da yake tsayawa bayan hoto 7, kyamarar ta ɗauki lokaci tana rubutawa a kati, kafin ta farfaɗo tsuntsun ya yi gaba. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne sauran kyamarorin Nikon na wannan layi, wato P950 ta shekarar 2020, da P1000 ta 2018, da P1100 ɗin kanta, duk da irin wannan hanya suke neman saiti. P1100 ta ƙara damar zaɓen faɗin wurin saiti a tsarinta na kallon tsuntsaye, abin da zai taimaka idan tsuntsu yana tsakanin rassa, amma hakan bai mayar da ita kyamarar bin abu mai gudu ba. Hasali ma P1100 kusan P1000 ce da aka sake wa riga: gilashi ɗaya, yawan ɗigon hoto ɗaya, sai mashigar caji ta USB-C, wadda dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin na'urori irin su waya da kyamara daga ƙarshen shekarar 2024, da wasu 'yan gyare-gyare a manhaja.

Hotunan da tsuntsun ya yi ƙanƙanta a cikinsu da gaske, waɗanda ƙarin zuƙowa zai cece su, su ne mafi ƙaranci a rumbun. Ko su ɗin ma lissafi ya rage musu nauyi. A milimita 2000, idan mutum yana nesa da mita 30, tsayin abin da hoton yake ɗauka kusan santimita 39 ne, don haka tsuntsu mai tsawon santimita 15 ya riga ya cika fiye da sulusinsa. A milimita 3000 tsayin zai koma santimita 26. Mai P900 zai sami wannan girma daidai idan ya matso zuwa mita 20, kuma zai same shi da ƙarin haske da ƙarancin iska a tsakani. Gaskiya ne ba kullum ake iya matsowa ba, akwai ruwa, akwai shinge, akwai tsuntsun da ko tari ka yi ya tashi, amma dattijon ya amsa cewa tun da ya sami kyamara mai dogon hannu ya daina wahalar laɓaɓawa, yakan tsaya inda ya fara hango tsuntsu ya danna zuƙowa har ƙarshe.

Da aka kai nan tambayar ta sauya. Ba a kan P1100 kaɗai ake magana ba kuma, sai a kan ko akwai wata kyamara mai dogon zuƙowa da take magance ƙarancin haske da jinkirin saiti. Akwai, kuma abin mamaki ta girmi P1100 da shekara takwas. Sony RX10 IV ta fito a 2017, zuƙowarta tana tsayawa a milimita 600, wanda a kan takarda kamar koma baya ne mai yawa. Amma sensarta milimita 13.2 ce da 8.8, kusan ninki huɗu na girman filin ta P900, ƙofar haskenta f/4 ce a ƙarshen zuƙowa, tana da wuraren saiti 315 masu auna nisa kai tsaye ba tare da lalube ba, tana kuma harba hoto 24 a daƙiƙa tana bin abin da ke motsi. Ainihin tsawon gilashinta milimita 220 ne, idan aka raba da 4 sai a sami 55, daidai da faɗin ƙofar P900. Wato hasken da take tarawa daga jikin tsuntsu ɗaya bai gaza na tsohuwar kyamararsa ba, ga shi kuma tana saita shi cikin ƙiftawar ido. Inda take asara shi ne tsuntsu mai nisa da ke zaune cikin rana: idan aka yanke hotonta mai ɗigo miliyan 20 domin ya yi daidai da milimita 2000, abin da zai rage bai kai miliyan 2 ba. Ya isa a gane tsuntsu a tura wa aboki, bai isa a wanke babba ba. Farashin da ta fito da shi kuma ya fi na duk waɗanda muka ambata tsada sosai.

Ita kuwa P950 matsayinta daban ne, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa rashin adalci a irin wannan muhawara, saboda lambar zuƙowarta ba ta ƙaru ba sai a ɗauka ba ta kawo komai ba. Zuƙowarta ɗaya da ta P900, amma tagar leƙenta, wato inda mai ɗauka yake sa ido ya ga abin da zai ɗauka, tana da ɗigo kusan miliyan 2.4 a maimakon dubu 921, ta kuma fi girma, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai tabarau da yake neman ɗan tsuntsu a cikin ganye. Tana adana hoto ɗanye a tsarin RAW, wanda P900 ba ta yi, don haka mutum zai iya hana manhajar kyamara shafe gashin tsuntsu, ya rage tsaki-tsakin da kansa a kwamfuta da manhajojin zamani da suka fi ta cikin kyamarar iyawa. Tana ɗaukar bidiyo na 4K, tana da wurin ɗora fitila ko makirufo. Abin da ta rasa shi ne GPS na cikin jiki, wanda dattijon yake amfani da shi wajen tuna inda ya ga kowane tsuntsu. A sababbin sai an haɗa da waya kafin a sami wannan. Sai dai amfanin RAW yana ga wanda zai zauna ya gyara hoto, shi kuwa ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa zaman gaban kwamfuta ba ya cikin abin da ya sa yake fita da asuba.

Saura abin da takarda ba ta iya nunawa, don haka ya nemi aron P1000 daga wani abokin sha'awarsa, tun da jikinta da gilashinta ɗaya ne da na P1100. P900 tana da nauyin gram 899, wannan kuwa ta haura kilo 1.4, kuma idan gilashin ya fito gaba ɗaya nauyin yana rinjaya gaba, wuyan hannun hagu ne yake ɗaukarsa. Ya ce a milimita 3000 ko bugun zuciyarsa yana gani a tagar leƙe, tsuntsu yana shiga yana fita daga hoton, har sai da ya riƙa danna maɓallin da ke ja da zuƙowa baya na ɗan lokaci domin ya sake gano inda yake. Ya kuma ci karo da abin da bai zata ba: a ƙarshen zuƙowa kyamarar ba ta saita abin da bai kai nisan mita 7 ba, alhali tasa tana yi daga mita 5, sai ga shi yana ja da baya daga tsuntsun da ya sauka kusa da shi. Batirinta ma wani iri ne daban, wanda bisa ma'aunin kamfani yake ba da hoto kusan 250 a caji ɗaya, nasa kuwa 360, don haka batiran da ya tara ba za su bi shi ba, haka ma matatar gilashinsa mai faɗin milimita 67, domin bakin waccan 77 ne. Abu biyu ya yaba ba tare da ja ba: tagar leƙen, da hoton wata, wanda a milimita 3000 yake cika hoton daga sama har ƙasa, ramukansa suna fitowa fili.

Shawarar da ya yanke ita ce ba zai sayi P1100 ba, kuma na goyi bayansa, domin a cikin lahani huɗu da muka gano guda ɗaya kawai take taɓawa, mafi ƙanƙantarsu, tana kuma ƙara tsananta mafi girmansu. RX10 IV ya ajiye ta da sharaɗi: idan ya wayi gari tsuntsaye masu tashi sun zama abin da ya fi nema, to ita ko wata mai babbar sensa zai duba, ya haƙura da nisan. A yanzu mafi yawan abin da yake so shi ne ya gane tsuntsu ya kuma sami shaidar ganinsa, kuma a wannan aiki milimita 2000 ta fi masa amfani. P950 kuwa ya sa ta a matsayin magajiya, ranar da tsohuwar ta ƙi tashi. A nan ra'ayinmu ya ɗan bambanta, domin ni ina ganin tagar leƙen kaɗai ta isa dalili ga mai shekarunsa, amma shi ya ce idonsa bai kai ga haka ba tukuna, kuma shi ne mai idon.

Abin da ya saya a ƙarshe sanda ce mai ƙafa ɗaya da ake ɗaura kyamara a kanta. Ya bar tsarin da kyamara take zaɓar komai da kanta ya koma wanda shi yake tsayar da saurin shata, ya ƙayyade ISO kada ya wuce 800, ya kuma rage zuƙowa zuwa wajen milimita 1200 ko 1400 idan haske ya yi ƙasa, inda ƙofar take ɗan fi buɗewa, sannan ya matsa da ƙafarsa. Tsuntsayen bakin ruwa ya mayar da su farkon safiya kafin ƙasa ta yi zafi, na cikin inuwa kuma yakan jira su fito bakin reshe. Hotunan da ya nuna mini bayan wasu watanni sun fi na da kaifi a fili, musamman na tsuntsayen da ke zaune. Na masu tashi kuwa har yanzu yawancinsu rumbun waɗanda aka ƙi suke tafiya, kuma ya san cewa wannan ba zai sauya ba muddin P900 ce a hannunsa.